Tsohon Jirgin Alminiyum: A Gyara Shi, Kada a Narka Shi

Ina gaida mutanen Gumel ta Lautai, da na Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, da duk wanda muryar nan ta iske a gida, ko a gona, ko a rumfar kasuwa. Yau sharhinmu a kan jirgin ruwa yake. Ina nufin tsohon jirgin alminiyum, irin wanda ya sha aiki, ya fara yoyo, aka jingine shi a bayan wata ma'aikata ko a gindin bishiya aka manta da shi. Maganata guda ɗaya ce, kuma za ku ji ina maimaita ta. Irin wannan jirgi gyara shi ake yi, ba a narka shi.

Na san tambayar da ta riga ta zo bakin wasunku, don haka bari mu fara da ita. Me ya haɗa mutumin Gumel da jirgin ruwa? Ƙasarmu ƙasar yashi ce. Gero muke nomawa, da wake, da riɗi, da gyaɗa. Babban kogi bai ratsa mu ba. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Amma ku ɗan dubi kudu da gabas. Kogin Haɗeja yana nan kwance. Ya biyo ta Ringim, ya wuce Miga da Auyo, ya isa Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri har Nguru. Daga Gumel in ka bi ta Malam Madori, kafin ka gaji da zaman mota ka isa bakin ruwa. Can samarinmu da yawa suke tafiya cin rani, wasu aikin shinkafa, wasu su. Daga irin waɗannan ruwaye bandar kifin da ake kasawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis take fitowa. Kuma ba wanda ya manta da daminar 2022. A shekarar nan ambaliya ta ci garuruwa da gonaki a Jigawa, ta yanke hanyoyi, har tafiyar da aka saba yi a mota ta koma sai a kwale-kwale. Duk mai 'yar da take aure a Auyo, ko ɗan da yake karatu a Haɗeja, ya san jirgi ya shafe shi. A nan gida ma, tafkuna da manyan ramukan da masu aikin titi suka bari suna riƙe ruwa watanni bayan ɗaukewar damina. Yara suna wanka a ciki, kuma in yaro ya nutse, sai dai a tsaya a baki ana kururuwa, don ba abin shiga.

Akwai kuma wata hanyar da jirgin yake shafarmu, ita ce ta kasuwa. Jiragen alminiyum ba su da yawa a Arewa. Akasari na ma'aikatu ne, ko na ayyukan madatsun ruwa, ko na agaji, ko na wani mai hali da ya saya ya gaji. In irin wannan jirgi ya kwanta, a hannun 'yan gwangwan yake ƙarewa. A sa masa injin yanka, a datsa shi gunduwa-gunduwa, a ɗora a sikeli, a biya kilo-kilo. Daga nan sai wurin maƙeran tukwane, ko a loda shi a mota sai Kano. Cikin wuni ɗaya abin da zai iya ɗaukar mutane shekara ashirin nan gaba ya zama ludayi da murfin tukunya. Wannan asara ce, kuma asarar da za a iya tarewa ce.

To, yanzu bari mu zo ga dalili. Me ya sa na ce a gyara? Dalili na farko shi ne itace. A da, daga gungumen maɗaci ko kawo ake sassaƙa kwale-kwale. Yau ina maɗacin? Mu da muke bakin iyaka da Nijar mun fi kowa sanin abin da bishiya take nufi. Shekara da shekaru ana dasa layukan darbejiya a ƙasar nan don tare hamada, kuma Jigawa tana cikin jihohin da shirin nan na Afirka na kafa katangar bishiyoyi ya ratsa. Yanzu da katako ake harhaɗa kwale-kwale, katakon kuma daga nesa yake zuwa, da tsadarsa da kuɗin motarsa. In an haɗa shi, 'yan shekaru ne sai ya fara ruɓewa. Kullum matuƙi yana cikin cusa tsumma da shafa kwalta, yaronsa kuma yana cikin kwarfe ruwa da ƙwarya. Duk jirgin alminiyum ɗaya da aka mayar kan ruwa, an huta da sayen kwale-kwalen katako sau biyu ko sau uku.

Dalili na biyu ya fi shafarmu, mu mutanen jigawa, don haka ku ba ni aron kunnuwanku sosai. Ruwanmu mai zuwa ne ya tafi. Wata uku ko huɗu ana ruwa, saura duk rani ne. Jirgin katako ba ya son haka. In ka fitar da shi ka ajiye a tudu, rana za ta busar da shi ya tsattsage, gara kuma ta shiga ta gama da abin da ya rage. Alminiyum bai san gara ba. Rana ba ta tsaga shi. Ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, don da kansa yake yin wata 'yar fata a jikinsa wadda take kare shi daga iska da ruwa. Sannan ga rashin nauyi. In ka ɗauki alminiyum da baƙin ƙarfe masu girma ɗaya, nauyin alminiyum kusan kashi ɗaya ne cikin uku na ƙarfen. Ƙaramin jirgi, maza huɗu sun ɗaga shi sun ɗora a a-kori-kura ko a amalanke. Ma'ana, ana iya ajiye shi a Gagarawa ko Sule Tankarkar duk tsawon rani, a kife a inuwa. Ranar da ruwa ya yanke wani ƙauye, a ɗauke shi a kai. Da kaka kuma a gangara da shi fadama a yi su. Babu wani irin jirgi da ya dace da ƙasar da ruwanta ba ya zama kamar wannan.

Dalili na uku shi ne daɗewa. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, kamfanin Grumman na Amurka, wanda ya saba ƙera jiragen saman yaƙi, ya juya ya fara ƙera kwale-kwale da alminiyum. Har yau akwai tsofaffin jiragen kamfanin da suke kan ruwa, sun wuce daga hannun kaka zuwa na jika. Mu kuma a nan, masana'antar narka alminiyum da aka gina a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom ta fara aiki a 1997, amma mafi yawan shekarunta a rufe ta yi su. Farantin alminiyum irin na ƙera jirgi daga waje ake kawo shi, da dala ake biya. Wanda ya narka tsohon jirgi ya rabu da abin da ba zai iya sayen sabonsa ba. Shi ya sa nake cewa a gyara shi, kada a narka shi.

Yanzu bari mu shiga aikin kansa, don kada maganar ta tsaya a fatar baki. Yaya ake gyaran? Da wanki ake farawa. A kwashe ƙasa da ganye da duk tarkacen da ya taru a ciki, a wanke da sabulu da ruwa. Kada a kusance shi da soda ko kanwa. Iyayenmu mata sun san abin da ruwan kanwa yake yi wa tukunyar alminiyum in ya kwana a ciki, yadda take baƙi ta fara ƙuraje. To haka yake yi wa jirgi. In ya bushe, sai a ɗora shi a kan tayoyi ko guma-gumai, yadda mutum zai iya leƙa ƙarƙashinsa. Sai a zuba ruwa a cikinsa, kamar tsawon tafin hannu, kada a cika shi don nauyin ruwan zai lanƙwasa shi. Mutum ɗaya ya kwanta a ƙasa da alli a hannu. Duk inda ya ga ɗigo ya zagaye wurin da alli. A karkata jirgin dama, a duba, a karkata shi hagu, a duba. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, kuma shi ne yake faɗa maka gaskiyar jirgin kafin ka kashe kuɗinka.

Yawancin yoyon daga ƙusoshi yake zuwa. Jirage da yawa ba walda aka yi musu ba, da ƙananan ƙusoshin alminiyum aka ɗinke su, irin waɗanda ake daddale kansu su kama faranti biyu. In ƙusa ta saki, mutum biyu ne maganinta. Ɗaya ya tokare ta da dunƙulen ƙarfe daga ciki, ɗaya ya daddale ta da guduma daga waje, a hankali. Wadda ta cinye, a huda a cire ta, a sa sabuwa. Amma a nan ne kuskuren da ya fi kashe jirage yake, don haka ku riƙe shi da kyau. Sabuwar ƙusar dole ta zama ta alminiyum. In ka sa ƙusar baƙin ƙarfe, ko noti na jan ƙarfe, ko ka yi faci da gwangwani, to ka shuka wa jirgin ciwo. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu cikin ruwa, ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyum ne ake ci. Bayan damina ɗaya ko biyu za ka ga wani farin gari ya fito a gefen notin, ramin kuma ya faɗaɗa. Ko ƙugiya da tsabar kuɗi da guntun wayar lantarki da suka faɗa ƙasan jirgi aka bar su cikin laima suna iya huda shi. Haka ruwan batir. Haka fentin da aka haɗa da jan ƙarfe, irin wanda ake shafa wa jiragen katako. In tsaga ce, kafin a yi faci a huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshenta, don ta daina tafiya. Sannan a duba allon baya, inda ake ɗaura inji. Sau da yawa akwai katako a cikinsa, kuma shi ne yake fara ruɓewa. A canja shi. Injin da aka ɗaura a ruɓaɓɓen allo yana iya ɓallewa a tsakiyar ruwa ya tafi da bayan jirgin.

Saura abu ɗaya, kuma a ganina ya fi duk sauran. Jirgin katako in ya kife, sau da yawa yakan ɗan taso, mutane su sami abin kamawa. Jirgin alminiyum in ya cika da ruwa, ƙasa yake tafiya kai tsaye. Shi ya sa masu ƙera shi suke cusa wani abu mai taso da shi a ƙarƙashin kujeru. A tsohon jirgi wannan abin yakan rududduge, ko ɓeraye su cinye, ko wani ya cire don samun wurin kaya. Dole a mayar. In ba a sami na asali ba, jarkoki marasa komai, masu murfi mai kyau, a ɗaure su tamau a ƙarƙashin kujeru, sun fi babu nesa ba kusa ba. Kada a sa soson katifa, shan ruwa yake yi. Jirgin da aka yi wa fenti mai ƙyalli aka bar ƙarƙashin kujerunsa fayau, ba a gama gyaransa ba, ko da ba ya ɗigar da ruwa ko ɗis.

To, masu sauraro, yanzu bari mu ji masu ja da wannan magana, don suna da hujja. Wani zai ce, ɗan gwangwan yau zai biya ni, gyara kuwa sai na zuba kuɗi na jira. Haka ne. Wanda ba shi da abin kai wa bakin salati yau, ba a yi masa wa'azin baɗi. Amma kuɗin sikeli sau ɗaya ake karɓa. Jirgin da yake aiki kuwa, kowace kaka yana kawo kuɗin kifi, kowace damina yana kawo kuɗin fito. In mutum ɗaya ba zai iya ba, ai muna da ƙungiyoyin masunta da na matasa, muna da adashi. Su kuma maƙeran tukwane ba za su rasa abin narkawa ba. Gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan inji sun ishe su. Jirgin da ya ruɓe har ya zama rariya, wanda in ka danna da yatsa yake lotsawa, wannan a ba su shi da hannu biyu. Ba kowane tsohon jirgi ne yake gyaruwa ba, kuma gwajin ruwa da alli shi ne zai raba gardama.

Wani kuma zai ce, waldar alminiyum ba kowa ya iya ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Alminiyum yana narkewa da zafin da bai kai rabin na baƙin ƙarfe ba, amma fatar nan da take kare shi tana bukatar zafi ninki uku kafin ta saki. Mai waldar ƙofa da taga in ya sa masa wutarsa, kafin ya ankara ya yi rami. Aikin yana son inji na musamman da iskar agon, kuma irin wannan ya fi samuwa a manyan birane kamar Kano. Amma ku tuna abin da na faɗa ɗazu. Mafi yawan gyaran ba walda ba ne, ƙusa ne da faci da haƙuri. Muna da masu gyaran jikin mota a Gumel da suka iya miƙe faranti. Muna da masu gyaran lagireto da suka saba da ƙarfe mai laushi. Abin da ya rage musu kaɗan ne. In ƙananan hukumominmu huɗu suka haɗa kai suka tura matasa kaɗan suka koyo waldar agon, aka saya musu inji ɗaya, ba jirgi kaɗai za su riƙa gyarawa ba. Kayan mota da na babur da na injin ban ruwa da ake ɗauka har Kano, a nan za a riƙa gyara su.

Masunta ma suna da nasu ƙorafin, kuma sun fi kowa sani. Sun ce alminiyum yana zafi da rana har ba ya takuwa. Sun ce yana da ƙara, in filafili ya bugi gefensa karfasa ta watse. Sun ce rashin nauyinsa yana sa iska ta riƙa jan sa. Duk gaskiya ne. Na farko da na biyu, shimfiɗar katako ko tabarma a ƙasan jirgin, da tsohuwar roba a gefe, suna rage su. Na uku kuwa sai sabo da iya raba kaya. Ban ce a jefar da kwale-kwalen katako ba, ban kuma ce masunci ya bar gorarsa da komarsa ba. A cikin kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, akwai lungun da siririn kwale-kwale ne kaɗai yake shiga. Kafintocin jirgi ma ba za su rasa aiki ba, don su ne za su yi kujeru da shimfiɗa da allon baya.

Sai maganar yawon shaƙatawa. Wasu za su ce wannan na masu ƙoshi ne. Ni ban ga haka ba. Kowace shekara da sanyin hunturu tsuntsaye suna tasowa daga Turai su sauka a Baturiya, cikin jiharmu, wurin da duniya ta sa a jerin fadamun da ake karewa tun 2008. Baƙi suna zuwa daga nesa don su gani, alhali yaro a Maigatari yana iya gama sakandare bai taɓa ganin wurin ba. Jirgi mai tsafta, mai kujeru, mai rumfa, wanda zai ɗauki 'yan makaranta ko iyali da Sallah su zaga ruwa su dawo, sana'a ce ta halal, kuma tana rage wa kifi matsi. Masuncin da yake samun kuɗin baƙi ba sai ya bi 'ya'yan tarwaɗa da taru mai ƙananan idanu ba.

Amma a nan dole in ja kunne, kuma da babbar murya. Gyaran jirgi ba izinin cika shi ba ne. Muna tuna ranar 30 ga Nuwamba, 2021, a madatsar ruwan Watari ta Bagwai a jihar Kano. Jirgi ya taso daga Badau ɗauke da mutane fiye da ƙarfinsa, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Lodi ba ya tambayar ko jirgi na katako ne ko na alminiyum. Dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana wuce kima, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ceto ga kowane fasinja. Duk wanda ya gyara jirgi, ya rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a gefensa da manyan lambobi, yadda uwa za ta gani tun daga gaɓa kafin ta miƙa ɗanta. Kuɗin rigunan ceto kuma a sa shi cikin kuɗin gyara tun farko. In kuɗin fenti ne zai hana sayen riguna, a bar fentin.

Don haka, jama'a, ga saƙona gare ku. Kai ma'aikaci, in akwai irin wannan jirgi a jingine a bayan ofishinku, ka rubuta wa na gaba da kai kafin a sa shi cikin gwanjo. Kai ɗan gwangwan, in an kawo maka shi, ka dakata da injin yanka na kwana biyu, ka aika wa Sarkin Ruwa mafi kusa da kai, wataƙila ya biya ka fiye da sikeli. Ku shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ku nemi ko guda ɗaya ku gyara ku ajiye tun da rani, kada ku jira sai ruwa ya yanke hanya. Ku kuma iyaye, duk jirgin da ba rigar ceto, kada ɗanku ya taka shi, ko waye matuƙin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu a tudu da ruwa.